Agogon da ake layi a kansa, me ya sa za a kashe shi?

Autan Zaure: Assalamu alaikum manyana. Wata tambaya ce ta hana ni sakat tun jiya. Ina bin tarihin agogon Nautilus na Patek Philippe, kamfanin agogo na Suwizalan, sai na ga a 2021 kamfanin ya daina ƙera samfurin 5711 na ƙarfe, alhali a lokacin babu agogon da ake rububinsa kamar shi. Farashinsa a kanti dala 30,000 ne da 'yan kai, amma duk wanda ya samu ya fito da shi sai ya sayar sama da dala 100,000, ga mutane sun rubuta suna suna jira shekara da shekaru. Ni dai a ɗan sanina, kayan da ke tafiya shi ake ƙara wa yawa. Su kuma sai suka toshe rijiyar da kowa ke ɗiba. Dabara ce wannan ko girman kai?

Tsohon Dila: Wa alaikumus salam, Auta. Dabara ce, kuma ta masu hangen nesa. Thierry Stern, wanda ke jan ragamar kamfanin, bai ɓoye dalilinsa ba: ba ya so samfuri ɗaya ya danne sauran. Ka duba fa, gidan nan tun 1839 yake, iyalan Stern kuma tun 1932 suke riƙe da shi. Abin da suka yi suna a kai shi ne agogo mai sarƙaƙiyar inji, mai kalandar da ba ta ɓata lissafi ko a shekara mai kwana 366, mai buga ƙararrawar lokaci idan ka taɓa shi. Sai aka wayi gari yaro ya shigo kanti bai san komai ba sai Nautilus, ita ma ta ƙarfe mai shuɗiyar fuska. In ka bar haka ya ɗore, wata rana yayin Nautilus zai wuce, ya tafi da sunan gidan gaba ɗaya.

Ɗan Adawa: Baba Dila, da girmanka, wannan bayanin 'yan talla ne. In da gaske tsoron Nautilus suke, me ya sa kafin su rufe sai da suka fito da mai koriyar fuska, sannan a ƙarshen 2021 suka yi guda 170 masu shuɗin launin Tiffany, kamfanin kayan ado? Ɗaya daga cikinsu aka yi gwanjonsa a New York dala miliyan 6.5. Wanda ke son kashe wuta ba ya watsa mata fetur. Bayan shekara guda kuma ga 5811, kusan kamanninsu ɗaya, sai dai na farin zinari ne, kuɗinsa ya ninka. Ba su kashe komai ba. Sun cire mai arha sun sa mai tsada.

'Yar Lissafi: A nan ina tare da kai, Malam Ɗan Adawa, amma ban ga inda maganarka ta karya ta Baba ba. Kamfanin da ke fitar da agogo wajen 70,000 a shekara, kuma ba ya da niyyar ninkawa, hanya ɗaya gare shi ta ƙara samu: kowane agogo ya kawo fiye da na bara. Injin da za a sa a gidan ƙarfe shi za a sa a gidan zinari, ma'aikacin ɗaya ne, lokacin ɗaya ne. To me zai sa ka ɓata injin a ƙarfe? Ribar da ke tsakanin dala 30,000 da 100,000 kuwa ba aljihun Patek take shiga ba, 'yan kayi-na-yi ne ke kwashewa. Ko ni ce sai na toshe wannan ɓarakar.

Autan Zaure: Hajiya, to ai sai su ƙara wa na ƙarfen kuɗi kawai.

'Yar Lissafi: In suka mai da na ƙarfe dala 90,000, nawa za su ce na zinari? Nawa kuma mai kalanda? Tsani ne, Auta, in ka ɗaga matakin ƙasa dole duk na sama su motsa, kuma ba kowane mataki ne kasuwa za ta ɗauka ba.

Mai Gyaran Agogo: Ku bar ni in sa baki, tunda ni cikin agogon nake gani ba fuskarsa ba. Abin dariyar shi ne wannan ƙarfen da ake faɗa a kansa, da farko abin kunya ne. Lokacin da wani gidan agogon, Audemars Piguet, ya fito da Royal Oak a 1972, agogon ƙarfe ne mai kusurwa takwas da kusoshi a fili, amma aka sa masa kuɗin da ya fi na agogunan zinari da yawa. Mutane suka ce haukacewa suka yi. Gérald Genta ne ya zana shi, shi ne kuma ya zana Nautilus ɗin da ta fito a 1976. Kenan mutum ɗaya, cikin shekara huɗu, ya zana abin da manyan gidaje biyu ke ci har yau. Shekara hamsin ke nan ana tatsar tunanin mutum ɗaya. Ni wannan ya fi damuna a kan maganar layi.

Tsohon Dila: Madalla, Malam. Kuma Audemars Piguet ɗin shi ne amsar tambayar Auta. Ka ga abin da Stern ke gudu, shi ya sami wancan gidan. Yau in ka ce Audemars Piguet, Royal Oak ake ji, da ƙanensa Offshore na 1993. Da suka ga haka suka yi shekaru suna shiri, a farkon 2019 suka fito da Code 11.59 a baje kolin Jeniba, don su nuna suna da wata fuskar. Wallahi ban taɓa ganin an yi wa agogo ature a intanet kamar wannan ba. Aka ce ya yi kama da na kantin sayar da tufafi. Alhali injin cikinsa sabo ne fil, ginin jikinsa kuma aiki ne na gaske.

Mai Gyaran Agogo: Aiki ne ƙwarai. Amma wa ya duba? Hoton fuskar kawai aka gani a waya aka yanke hukunci.

Ɗan Adawa: To shi Patek ɗin da ya fito da nasa sabon fa? Cubitus, Oktoban 2024. Shekara 25 ba su buɗe sabon layin samfuri ba, da suka tashi buɗewa sai ga Nautilus an matse ta ta zama murabba'i. Sarƙar hannun iri ɗaya, zanen fuskar iri ɗaya. Mutumin da ya ce yana gudun inuwar Nautilus ne ya koma ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. Baba Dila, ina jiran ka kare wannan.

Tsohon Dila: Ba zan kare ba, ɗana. Ni ma bai burge ni ba. Abin da zan ce kawai, Royal Oak ma an zage shi a shekarar farko.

Ɗan Adawa: Wannan ita ce mafakar kowane kamfani. Duk wanda ya yi mummunan abu sai ya ce ai Royal Oak ma an zage shi.

Malamin Talla: Na makara, amma na karanta daga sama. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a ganina shi ne gindin maganar. Waye mai kamfanin? Rolex na gidauniyar Hans Wilsdorf ne, mutumin da ya kafa shi. Patek na iyali ne. Audemars Piguet har yanzu yana hannun zuriyar waɗanda suka kafa shi a 1875. Babu mai hannun jarin da zai buga musu waya duk wata uku ya ce ina riba. Shi ya sa za su iya kallon layi a ƙofa su ƙi ƙara kaya. Amma kamfanin da ke kasuwar hannun jari, in kaya na tafiya dole ya tura wa diloli da yawa don lissafin shekara ya yi kyau. Ku tuna abin da ya sami Richemont, uwar gidan Cartier da IWC da Vacheron Constantin da Piaget. Da kasuwar Hong Kong da Sin ta yi sanyi bayan an matsa wa masu ba jami'ai kyautar agogo, kaya suka yi kwantai a kantuna. Tsakanin 2016 da 2018 sai da Richemont ya sake sayen nasa agogunan daga hannun diloli, na kusan yuro miliyan 500, wasu aka wargaza su aka cire abin da za a cire. Don me? Don kada dila ya gaji ya karyar da su rabin kuɗi, suna ya zube.

'Yar Lissafi: Alƙaluma na bayanka, Malam. Kiyasin da bankin Morgan Stanley ke fitarwa duk shekara ya nuna Rolex kaɗai na da kusan kashi 30 cikin 100 na cinikin agogon Suwizalan. In ka haɗa shi da Patek da Audemars Piguet da Richard Mille, su huɗu sun doshi rabin kasuwar. Kiyasi ne fa, don su ba sa buɗe littafinsu. Amma duka huɗun ba wanda ke kasuwar hannun jari.

Ga kuma abin da ya fi ba ni tsoro. A 2015 Suwizalan ta fitar da agogo kimanin miliyan 28, kuɗin kayan da ta fitar faran (kuɗin ƙasar) biliyan 21.5. A 2023 agogon ya sauko ƙasa da miliyan 17, amma kuɗin ya hau biliyan 26.7, wanda ba a taɓa samu ba. Agogo miliyan 11 sun ɓace, kuɗi ya ƙaru. Waɗanda suka ɓace ɗin masu sauƙin kuɗi ne, irin wanda saurayi ke fara saya da albashinsa na farko. To wanda bai taɓa ɗaura ƙaramin ba, yaushe zai yi sha'awar babban?

Autan Zaure: Ni ne wannan saurayin, Hajiya. Abokaina duk Apple Watch ne a hannunsu.

Malamin Talla: Ai shi ya cinye ƙasan. Ya fito a 2015, kafin 2019 ta ƙare yawan wanda ake sayarwa a shekara ya wuce na masana'antar Suwizalan gaba ɗayanta. Sai dai ka lura, Apple ma ya gwada hawa sama ya zamo. Ya yi na zinari daga dala 10,000 zuwa 17,000, shekara guda da 'yan watanni ya janye shi. Ba mai zuba wannan kuɗin a abin da zai tsufa cikin shekara uku.

Mai Gyaran Agogo: Wannan fim ɗin mun taɓa ganinsa. Ranar 25 ga Disamban 1969 Seiko ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai batir irin na quartz da aka sa a kasuwa. Kafin a ankara agogon batir ya fi na inji daidai, ya fi shi arha nesa ba kusa ba. Ma'aikatan agogo a Suwizalan daga wajen 90,000 suka koma wajen 30,000. A kamfanin Zenith aka ba da umarni a zubar da kayan ƙera injin El Primero, wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot ya kwashe su a ɓoye ya kai saman rufin masana'anta ya toshe. Da ba don shi ba, da Rolex bai sami injin da ya sa a agogonsa Daytona daga 1988 zuwa 2000 ba.

Abin da ya ceci agogon inji kuwa ba ƙara daidaito ba ne, don wannan yaƙin an riga an sha kaye. Jean-Claude Biver da abokinsa suka sayi sunan Blancpain, wani tsohon gidan agogo, a farkon shekarun 1980, lokacin babu abin da ya rage sai sunan, suka ce tun 1735 ba a taɓa yin Blancpain na batir ba kuma ba za a yi ba. Rauninsu suka mayar abin alfahari. A 1992 suka sayar da shi faran miliyan 60. Daga nan aka daina sayar da lokaci, aka koma sayar da labari. Da tsohuwar zuma ake magani, na yarda. Amma zumar nan tun yaushe ake ɗiba ba a ƙarawa?

Ɗan Adawa: Labarin ma ba kyauta suke ba ka ba, sai ka yi fadanci. Ni na taɓa shiga wani kanti, ba zan faɗi suna ba, da kuɗina a hannu. Agogon yana cikin gilashi ina kallonsa, aka ce na nuni ne kawai. Aka rubuta sunana. Sai yaron kantin ya raɗa min cewa in na fara sayen wasu guda biyu da ba na so, ko ɗan kunne ga uwargida, sunana zai yi sauri. Wata goma sha takwas ba kira. Da kasuwa ta faɗi sai ga waya, wai Alhaji kayanka sun iso. Na ce a ba na bayana.

Tsohon Dila: Na ji zafin wannan, kuma ba zan ce ba a yi ba, an yi. Amma ka ji ta ɓangaren mai kanti. A ba ka guda biyar na wanda kowa ke so, a haɗa maka da hamsin na wanda ba mai tambaya, kuma dole ka biya duka. Mutum ɗari biyu na son biyar ɗin, rabinsu kuma daga kantinka kasuwar na-hannu za su wuce da shi. Wa za ka ba? Dole ka ba wanda ya rage maka kwantai.

Ɗan Adawa: To ai ka ga laifin na kamfanin ne da ya ƙirƙiri ƙarancin.

Tsohon Dila: Wani wurin haka ne, wani wurin a'a. Rolex na yin sama da miliyan ɗaya a shekara, wannan ba ƙaranci ba ne, buƙata ce ta yi hauka lokacin korona, kuɗi ya yi yawa a hannun mutane, ba tafiya ba biki. Farashin na-hannu ya kai ƙololuwa wajen Maris na 2022, daga nan ya yi ta gangarowa. Da sun biye wa haukar sun ninka kaya, yau da su ne ke wargaza agogo. Sabuwar masana'antar da suke ginawa a garin Bulle na Suwizalan ma sai wajen 2029 ake sa ran ta fara aiki. Tafiyar hawainiya suke, da gangan.

Malamin Talla: Kuma ku duba inda suka sa ƙafa a wannan tsakanin. Ƙarshen 2022 Rolex ya fara ba agogonsa na-hannu takardar shaida ta kansa, ana sayarwa a kantunan Bucherer, babban dilan agogo. A 2023 ya saye Bucherer ɗin ɗungurungum, mai kantuna sama da 100. Audemars Piguet ya sallami yawancin diloli ya buɗe nasa gidajen. Richemont tun 2018 ya sayi Watchfinder, mai sayar da agogon na-hannu. Kowa so yake ya san sunan wanda ya sayi agogonsa, ya riƙe farashin sabo da na tsoho, ya kuma ci kason da dila ke ci. Baba Dila, ka yi haƙuri, amma sana'arku ake yi wa zagon ƙasa.

Tsohon Dila: Ai shi ya sa sunana ya koma Tsohon Dila.

Autan Zaure: Allah ya ba da haƙuri, Baba. To MoonSwatch fa? Shi ne kaɗai na ga an yi don irinmu.

Malamin Talla: Ni a wurina ita ce dabara mafi ƙarfin hali a shekarun nan. Maris 2022, Swatch da Omega, 'yan gida ɗaya, suka ɗauki siffar Speedmaster, agogon da ya je wata a 1969, suka yi shi da batir da jiki mai sauƙi, kala 11, dala 260. Aka yi ta kwana a layi a manyan birane, sai da 'yan sanda suka shiga a wasu wuraren. Kafin shekara ta ƙare an sayar da miliyan guda. Yaran da ba su taɓa jin sunan Speedmaster ba suka haddace tarihinsa.

Ɗan Adawa: Kayan aro ba ya rufe katara. Mutum ya tara dala 7,000 ya sayi na gaske, sai ya ga irinsa na roba a hannun ɗan makaranta, da tambarin Omega a fuska. Ka taɓa jin Rolex ya yi haka?

Malamin Talla: Rolex ba ya buƙata, yana da Tudor. Wilsdorf da kansa ya kafa shi don wanda aljihunsa bai kai ba. Tun da samfurinsa Black Bay ya fito a 2012, Tudor ne ke gwada abin da yayansa ba zai taɓa ba: tagulla da tsohon yayi. In ya karɓu riba ta gida ce, in bai karɓu ba sunan Rolex bai ji ciwo ba. Omega kuwa da sunansa ya shiga caca. Amma fa dole ce ta sa, don wanda ke bayan mai gudu ba ya tafiyar ƙasaita.

'Yar Lissafi: Da Swatch ya maimaita da Blancpain a 2023 hayaniyar ba ta kai ta farko ba. Irin wannan sau ɗaya yake ci.

Mai Gyaran Agogo: Kuma abin haushin, Blancpain ɗin nan da ya rantse ba batir, sai da aka sa wa na Swatch ɗin injin otomatik don kada rantsuwa ta karye. Injin kuwa na'ura ce ke haɗa shi, ba a yi shi don a buɗe a gyara ba. In ya mutu ya mutu.

Ni in za a tambaye ni wa ke tafiya daidai, zan ce Cartier da Grand Seiko, duk da hanyarsu ta bambanta. Cartier ba da inji ya yi suna ba, siffa yake sayarwa: Santos tun 1904, Tank tun 1917. Da yayin manyan agoguna ya wuce aka koma ƙanana, sai ya tarar kayansa na nan a ajiye, mata na so, maza na so, akwai na batir akwai na inji ba tare da jin kunya ba. Yanzu shi ke bin Rolex a ciniki. Grand Seiko kuma a 2017 aka cire masa sunan Seiko daga saman fuska ya tsaya da ƙafarsa. Duk wanda ya taɓa sa madubin ido ya kalli gogewar hannayen agogon ya san abin da nake faɗa.

Ɗan Adawa: Amma je ka sayar da Grand Seiko na-hannu ka ga yadda za a yanka ka.

Mai Gyaran Agogo: Ka ga matsalar ke nan, Alhaji. Ina maganar agogo, kana maganar ranar sayarwa.

Ɗan Adawa: Su suka koya mana, Malam. Patek ne tun 1996 yake talla cewa agogon ba naka ba ne, ajiya kake wa 'ya'yanka. Wanda aka ce wa kayansa gado ne, dole ya tambayi darajar gadon.

Autan Zaure: To yanzu in na fahimta, 5711 ba don ta gaza aka kashe ta ba, don ta fi ƙarfin gidan ne. Amma Baba, in Cubitus ita ma ta zama abin layi, ita ma kashe ta za a yi?

Tsohon Dila: Ta ƙarfen mai koriyar fuska, ba zan yi mamaki ba. Ka sa ido a kan ranar da za a fara ƙara mata 'yan'uwa na zinari ana rage na ƙarfe.

Ɗan Adawa: Sai ta fara samun layin tukuna.

'Yar Lissafi: Tana da shi, Malam. Na-hannunta ya fi kuɗin kanti tun makon farko, duk da zagin da aka yi mata.

Ɗan Adawa: Makon farko ba gwaji ba ne, Hajiya. Na ajiye hoton wannan hirar. In Allah ya kai mu 2029 zan ɗora shi a nan, a kawo farashin a gwada.